In rasuwa ta same ki ana tsaka da karatu, ga goyo ga hidimar ikilisiya

Ranar Alhamis ce da yamma, cikin watan Janairu, saura kwana tara mu shiga jarrabawar zangon farko, aka kira ni daga Mayo Ulo, a arewacin Kamaru, aka ce Mama ta cika. Ina bakin murhu, ɗana mai wata goma sha huɗu yana bayana, yayarsa 'yar shekara huɗu tana kiɗa da murfin tukunya. A jakata akwai littafin kuɗin zumuntar mata, domin ni ce ma'aji. Akwai darasin makarantar Lahadi da ban gama shiryawa ba, da damin fotokwafin da ko rabinsa ban karanta ba. Maigidana direban babbar mota ne, a daren nan yana can tsakanin Marwa da Kusiri da kayan Njamena.

Na tafka kurakurai a makonnin da suka biyo baya, daga cikinsu kuma na tsamo abin da zan faɗa miki. Da ke nake, 'yar'uwa, domin a gidajenmu kan mace kayan nan suka fi taruwa, amma ɗan'uwan da abin ya faɗo wa shi ma zai samu na ɗauka.

Za a ce miki ki ba kowane haƙƙinsa daidai. Ba ya yiwuwa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Jera su za ki yi, kuma tambaya biyu ce ke yin jerin: wa zai iya yin wannan in ba ni ba, sannan yaushe lokacinsa zai ƙure? Jana'iza rana ɗaya ce, in ta wuce ta wuce. Jarrabawa tana da ranarta, amma akwai zagaye na biyu ga wadda ta bi hanya. Yaro mai shan nono ba shi da wata uwa. Hidimar ikilisiya kuwa, duk girmanta, da ma an gina ta ne don wani ya karɓi wani. Baƙin ciki ne kaɗai ba a ba wani riƙo, ba ya kuma bin kalanda.

Kira huɗu kafin ki hau mota

Hankali ba ya jiki a sa'ar farko, shi ya sa ya kamata kiran nan su zama kamar haddace. Ki yi su kafin ki bar gari, domin daga Garwa, inda nake zaune, zuwa Gidar wajen kilomita 100 ne, kuma da kin saki kwalta kin nufi ƙauye ba ki da tabbacin waya za ta riƙa shiga.

Na farko ga wadda za ta riƙe yara, ko ta raka ki ta riƙe su a can. Na biyu ga delegen ajinku, wato wakilin ɗalibai. Ki gaya masa an yi miki rasuwa, ki roƙe shi ya turo miki jadawalin jarrabawa da duk sanarwar da aka liƙa, ya kuma sanar da malaman da kuke da gwaji ko tede (darasin atisaye) da su a makon. Delege mutum ne da ɗalibai ke rainawa sai ranar buƙata. Ki riƙe lambarsa tun farkon shekara.

Na uku ga shugabar ƙungiyarki a ikilisiya. In akwai kuɗin jama'a ko mabuɗi a hannunki, kada ki tafi da su gidan makoki. Ni na tafi da su. Cikin kwana uku an ranci kuɗin zumunta an sayi buhun shinkafa da alkawarin za a mayar in gudummawa ta shigo, sai da na yi wata biyu ina cikawa daga aljihuna, ga kunya. Ki ƙirga kuɗin a gaban mutum biyu, a rubuta a littafi, kowa ya sa hannu, ki miƙa. Minti goma ya isa.

Na huɗu ga babban da zai tsayar da ranar biso. Makwabtanmu Musulmi sukan yi sutura a ranar, mu kuwa in an rasu a birni akan kai gawa ɗakin sanyi na asibiti a jira dangi na nesa, wani daga Yawunde zai biyo jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere, wani daga Mubi. A nan ne bakinki yake da amfani. Ki ce: "Kawu, jarrabawata za ta fara ran kaza. In da hali a yi kafin nan, ko a sa ranar Asabar." Ba rashin kunya ba ne. Ana duba hutun ma'aikaci in za a sa rana, ana duba ranar kasuwa, to jarrabawa ma uzuri ce. Kuma kowace rana da gawa ta ƙara a ɗakin sanyi kuɗi ne, wannan hujjar takan shiga kunnen dattawa fiye da ta karatu.

In kina aiki ban da karatun, dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba ma'aikaci izinin rashin zuwa aiki tare da biya har kwana 10 a shekara saboda sha'anin da ya shafi iyalinsa, ba a cire su daga hutun shekara. Ki nema a rubuce.

Yara: abin da za a gaya musu, da inda za su kwana

A nan zan daɗe, domin a nan na fi yin kuskure.

Da 'yata ta tambayi inda Kaka take, wata gwaggona ta ce mata ta yi tafiya. Ni kuma na yi shiru, na ga kamar an sauƙaƙa mini. Bayan mun dawo Garwa, duk ranar da babanta ya ɗauki jaka zai fita da mota sai ta riƙe ƙafarsa tana ihu. Mun yi makonni ba mu gane ba. A hankalinta, wanda ya yi tafiya ba ya dawowa. Haka nan in aka ce wa yaro mamaci barci yake yi, wani sai ya tsorata da kwanciya.

Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar bai san mutuwa ba ta da dawowa ba. Zai tambaya yau, ki amsa, gobe ya sake tambaya kamar ba a taɓa yi ba. Ki ba shi gaskiya gajeriya, da kalmar da ba ta da harshen damo: "Kaka ta mutu. Jikinta ya daina aiki, ba ta jin zafi, ba ta jin yunwa. Ba za ta dawo gidan nan ba. Mun ba da gaskiya tana wurin Yesu." Sai ki ƙara abin da ya fi damunsa ko da bai furta ba: ba laifinsa ba ne, kuma ke kina nan, kin san wanda zai ba shi abinci gobe. In ya gan ki kina kuka kada ki ce hayaƙi ne. Ki ce kina kewar mamarki.

Ki sa ran koma baya. Wanda ya daina fitsarin kwance zai iya komawa, wanda ya fara cin abinci da kansa ya ce sai an ba shi a baki, wani ya manne miki ko banɗaki ba ya bari ki shiga. Duka ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne rana ta koma kamar yadda ya saba: lokacin kunu ɗaya, lokacin wanka ɗaya, waƙar barci ɗaya.

Batun tafiya da su kuwa, mai shan nono dole ya bi ki. Amma ki sani gidan makoki wuri ne na cunkoso, ana kwana a tsakar gida ana waƙoƙi har asuba, ruwan sha yana wucewa ta hannu da yawa. Ki ɗauki gidan sauro, ki ɗauki katin rigakafinsa, ki naɗa yarinya ɗaya babba wadda aikinta kawai shi ne yaron, ba ɗebo ruwa ba, ba wanke-wanke ba. In abu na kowa ne, ba na kowa ba ne, haka yara ke faɗawa murhu a gidan taro. In da damina ne, ki tuna da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa, sau ɗaya a wata, ana sha kwana uku. Kada tafiya ta sa ya tsallake zagaye. Ki tambayi asibitin ƙauyen.

Yaye kuma ki ɗaga shi. Za a ce miki ki yaye shi ki samu sararin karatu. Yaron da gidansu ya hargitse, a kuma raba shi da nono a makon, ke ce ba za ki yi barci ba.

Kuɗin makaranta ba kuɗin makoki ba ne

Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara tun gyaran da aka yi a 1993, kuma da yawa muna biya kashi biyu. In kashi na biyun yana hannunki lokacin da aka yi rasuwa, ki biya shi nan take, ko ki tura wa wata amintacciya ta Orange Money ko MoMo ta riƙe. Kuɗin da ke cikin wayarki a gidan makoki ya riga ya zama na jama'a.

A taron dangi ki riga kowa faɗin abin da za ki iya. Ni da na yi shiru sai aka yanka mini daidai da yayana mai albashi, don ana ganin 'yar jami'a ce. Ɗaliba ba ma'aikaciya ba ce. "Yaya, abin da zan iya ke nan, sauran kuma zan yi da jikina" ya fi ki amsa da baki ki koma cin bashin adashi. Ra'ayina a kan ankon makoki kuwa ba ya yi wa wasu daɗi: in za a zaɓa tsakanin atamfa da kuɗin makarantar marayun da mamacin ya bari, ban ga abin shawara ba.

Takarda, tun kafin hawaye ya bushe

Makaranta ba ta san kuka ba, takarda ta sani. Ki tabbata an kai rahoton rasuwar ofishin magajin gari ko cibiyar rajistar farar hula ta yankin, an karɓo takardar shaidar mutuwa. A ƙauyuka ana sakaci da wannan ƙwarai, in kuma wa'adin da doka ta ba da ya wuce sai an bi ta kotu, ga kashe kuɗi ga jeka-ka-dawo. In a asibiti aka rasu, ki fara karɓar shaidar likita. Ki yi fotokwafi da yawa, ki sa a buga wa wasu hatimi, ki kuma ɗauki hoton takardar da wayarki.

Da kin dawo, ko ta hannun delege tun kina can, ki rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga shugaban sashenku. Gajeriya: sunanki, lambar rajistarki, ajinki, wanda ya rasu da dangantakarku, ranakun da ba ki nan, gwaje-gwajen da suka wuce ki da sunan kowane darasi, sai roƙon da kike yi. Ki haɗa da kwafin takardar mutuwa. Ki kai kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya a dawo miki da shi. Ni ban rubuta ba, na dogara da cewa ai kowa ya ji. Da sakamako ya fito, babu maki a gurbin gwajin da na rasa, kuma ba ni da ko ƙyallen takarda da zan haɗa da reket, wato takardar koke. Laifin nawa ne.

Yanzu ga lissafin da zai cece ki. Ko a jami'ar Ngaundere da ke Dang kike, ko a ta Marwa da aka kafa a 2008, ko a sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, tsarin lisans, masta da dokta ake bi. Lisans, wato digiri na farko, shekara uku ce, kowane zango kiredi 30, shekara 60. Kowane darasi da nauyin kiredinsa, ana cin sa da maki 10 cikin 20, jarrabawar ƙarshe kuma takan ɗauki wajen kashi 70 cikin 100 na makin, sauran daga gwajin cikin zango, wato sese. Wanda ba ki ci ba kina da ratrafaj, wato zagaye na biyu na jarrabawa. Yawan kiredin da ake buƙata kafin a wuce aji na gaba da bashin darasi ya danganta da tsangayarku, saboda haka ki je ofishin sikolarite, mai kula da rajistar ɗalibai, ki tambaya da bakinki, kada ki ɗauki zancen ƙofar aji.

Ki zauna da takarda ki raba darussan gida uku. Waɗanda kike da sese mai kyau kuma kin gane su, waɗannan za ki ci yanzu. Waɗanda suke da kiredi mai nauyi kuma kina tsaka-tsaki, a kansu za ki zuba ragowar ƙarfinki. Waɗanda kin san ko an ba ki wata guda ba za su shiga ba, ki bar su ga ratrafaj da gangan, zuciya ɗaya. Amma ki tambaya ko sai an zauna zagayen farko kafin a ba da damar na biyu. In haka ne ki shiga ki rubuta abin da kika sani. Na ga 'yan'uwa mata sun raba kwana biyar ga darasi takwas daidai wa daida, suka faɗi shida. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Zuwa wurin fasto

Wannan matakin ya fi kowanne nauyi a zuciya, domin muna jin kamar ajiye hidima ja da baya ne a bangaskiya. Ki fara da ƙidaya. Da na ƙirga nawa: koyon waƙa sau biyu a mako, taron addu'a ran Laraba, zumuntar mata ran Alhamis, shirin darasin yara, ziyarar marasa lafiya, sai Lahadi daga safe har azahar, sai na ga sun haura awa goma sha biyar. Aikin rabin yini ne nake yi ban sani ba.

Sai ki raba sujada da hidima. Sujada abincinki ce, a wannan lokacin kin fi kowa buƙatarta: ki zo, ki zauna a benci, ki ci Jibin Ubangiji, a yi miki addu'a. Hidima kuwa aiki ne, aiki kuma ana karɓar juna. A Fitowa sura 18 surukin Musa ya same shi yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya naɗa waɗansu. A Ayyukan Manzanni sura 6 manzanni da kansu suka ce ba za su iya haɗa wa'azi da rabon abinci ba, aka zaɓi mutum bakwai. Ban ga inda aka kira wannan rashin himma ba.

Kada ki sulale a daina ganinki, nan ne gulma ke samun ƙofa. Ki je da kanki, in da hali tare da maigidanki ko wata uwa a zumunta, ki tafi da abu uku: abin da za ki ajiye, ranar da za ki dawo, da sunan wadda za ta riƙe. Ga yadda na faɗa a karo na biyu, bayan na farko ya ƙare da ni ina kuka ina cewa ba komai zan ci gaba:

"Baba Fasto, izini na zo nema. Sujada kam za ku riƙa ganina. Amma ajin yara da ajiyar kuɗi ina roƙo a sauke mini daga yanzu zuwa ƙarshen Yuli, in an gama ratrafaj. Na yi magana da wance, ta yarda ta riƙe ajin, na kuma ba ta darussan wata biyu."

Wanda ya zo da magaji ba a cika hana shi ba. Ki riƙe abu ɗaya kawai, wanda yake ƙara miki ƙarfi. Ni waƙa na riƙe, ita ma ran Lahadi kaɗai, ban da koyo. Wata za ta riƙe zumuntar mata, wadda a ikilisiyar Lutheran mai hedkwata a Ngaundere ake kira Femmes pour Christ, domin a can take samun masu jin ta. Ke kika san naki.

Za a samu mai cewa, "Ai aikin Allah ne zai ɗauke miki tunani." Ki ce na gode, Mama, ki wuce. Wasu aiki yana taimakonsu, gaskiya ne. Amma mai goyo da jarrabawa ba rashin abin yi ne ke damunta ba.

Bari in ɗan karkata ga mu 'yan ikilisiya. Mun iya makoki: mu cika gida, mu kwana muna waƙa, mu kawo itace da gero. Bayan mako biyu kuma sai ɗif, daidai lokacin da gidan ya yi shiru abin ya fara cin mutum. In kina son taimakon irin wannan 'yar'uwa, kada ki ce mata in tana buƙatar wani abu ta faɗa, ba za ta faɗa ba. Ki ce, "Ran Talata da Juma'a ki kawo mini yaran daga ƙarfe biyu zuwa shida." Ke kuma mai makoki, in an tambaye ki, ki ba da amsa mai suna: tukunyar miya ran kaza, ɗauko yarinya daga makaranta, wanki.

Inda awoyin karatu suke ɓuya

Ba za ki samu yini guda cur ba, ki daina jiransa. Awa biyu masu kyau a rana sun isa riƙe zango in ba a fasa ba. A Garwa da Marwa, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, da rana ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar komai, da dare kuma ga gajiya ga ɗaukewar wuta. Asuba ce taki. Ki kwanta tare da yara, ki tashi ƙarfe huɗu, fitila mai caji da rana tana kusa. Abin da ya fi wuya shi za ki karanta a lokacin. Mai sauƙi, kamar bitar abin da kika riga kika gane, ki bar shi ga lokacin jiran malami ko cikin mota. 'Yan Dang da ke zaune a cikin gari suna da tafiyar wajen kilomita 15 kowace safiya, wannan ma lokaci ne.

Baƙin ciki yana cin hankali. Za ki karanta shafi sau uku ki rasa abin da ya ce, ki ɗauka kin dakushe. Ba ki dakushe ba, haka yake yi wa kowa, yana kuma sakin mutum a hankali. Ki gajarta zama: minti ashirin da biyar, ki tashi ki sha ruwa, ki dawo. Ki riƙa rubutawa da hannu, ki faɗa da baki kamar kina koya wa ajin Lahadi. Ki nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa wurin 'yan ajin gaba. Ki shiga rukunin mutum uku ko huɗu, kada su fi haka, ki gaya musu gaskiya cewa a wannan zangon za ki fi karɓa fiye da bayarwa. In malami ya yarda, wata ta ɗaukar miki muryar darasin da ba ki samu zuwa ba, ki saurara kina tuƙa tuwo.

In akwai wata ɗaliba mai goyo a unguwarku, ku yi karɓa-karɓa: yau yara duka a wurinki, gobe a wurinta. Abokiyar tawa Musulma ce, Bafulatana, yaranta har yanzu Inna suke ce mini. Maigida kuma a ba shi aiki mai suna da lokaci, ba "ka taimaka" ba. Nawa in yana gari, wanka da kwantar da yara nasa ne, ba a sake tattaunawa.

Girki ki sauƙaƙa. Miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya da za ta kwana biyu ba ta taɓa kashe kowa ba.

Shi kansa baƙin cikin

In kin toshe masa ƙofa zai shigo ta taga, yawanci a ɗakin jarrabawa ko a kan yaro da bai yi laifin kirki ba. Ki ba shi wuri. Ni yammacin Lahadi na ba shi: in yara sun tafi wurin makwabta, in fito da zanen Mama, in yi kukana, in yi addu'a ko in kasa. Akwai masu cewa mai bi ba ya kuka kamar marar bege. Ayar da suke kafa hujja da ita ba ta hana kuka ba, rashin bege ta hana. Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi.

Amma akwai inda abin ya wuce na haƙuri. In kin yi makonni ba barci ba cin abinci, in kin kasa kula da yaran, in kina jin gara ki bi mamacin, kada ki tsaya ga "sai haƙuri". Ki gaya wa mutum ɗaya a yau, ku je asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin lalurorin da ake dubawa. Mai jego kuwa ta fi kowa kusa da wannan rami. Zuwa wurin likita ba ya soke addu'a.

In mijinki ne ya rasu, Allah ya ba ki haƙuri, naki ya ninka, kuma akwai ƙarin takardu. Ki adana takardar aure, takardun haihuwar yara da na fili ko gida a wurin da ke kaɗai kika sani. Kada ki sa hannu a rahoton taron dangi sai kin karanta, domin da shi ake zuwa kotu neman hukuncin gado. In ma'aikacin kamfani ne mai rajista da CNPS, asusun fansho na ma'aikata, akwai haƙƙin matar da marayu, ki je ki tambaya. Ki tafi da dattijon ikilisiya ko wata uwa mai ido a duk zaman da za a yi.

In ya kama a dakata, da ranar komawa

Wani lokaci lissafin ba ya fita. Yaro ba lafiya, babu mai riƙo, babu kuɗi. In haka ne, ki dakata ta ƙofa: ki je sikolarite ki tambayi yadda ake ajiye shekara, ki rubuta, ki karɓi takardar makin da kika riga kika samu, domin darasin da kika ci ya zama naki. Waɗanda na sani da suka bar karatu gaba ɗaya, yawancinsu ba shawara suka yanke ba, daina zuwa kawai suka yi, kunya kuma ta hana su komawa.

Ranar da kika yi wa fasto alkawari in ta zo, ki je ko da ba ki shirya komawa ba, ki faɗi inda kike. Ki karɓi hidima ɗaya-ɗaya. Ni ajin yara na karɓa a watan Satumba, ajiyar kuɗi kuwa na bar wa wadda ta riƙe, ta fi ni iya lissafi nesa ba kusa ba.

Saura abu ɗaya da ya kusa sake kayar da ni. A dangi da yawa na arewacin Kamaru akan yi babban taron tunawa da mamaci daga baya, da rani, bayan an kai amfanin gona gida, lokacin nan kuma shi ne na jarrabawar zangon farko. Tun watan Oktoba, da an fara sabuwar shekarar karatu, ki kira kawunki ki tambayi ranar da suke tunani, ki gaya masa makonnin da ba za ki samu fita ba. Namu hutun Kirsimeti aka mayar da shi, na je da yaran duka biyu, 'yata ta ɗora furen roba a kan kabarin ta tambaye ni ko Kaka tana ganin takalminta sabo.